Iya Taku: Gwanintar Zaɓen Maɓallin Ƙafa Ga Mai Kiɗa da Lufa

A shekarar 2004 aka samu giɓi a shirin kiɗa da Jools Holland ke gabatarwa a talabijin ɗin BBC, saboda mawaƙin Amurka Nas ya fasa zuwa. Sai aka nemo wata 'yar Skotlan mai suna KT Tunstall, wadda a lokacin ba kowa ya san ta ba, aka ce ta shirya gobe-gobe ta cike gurbin. Ta zo ita kaɗai, da jita a rataye da wani ɗan akwatin ƙarfe ƙirar Akai Headrush a gaban ƙafarta. Ta fara bugun jita, ta taka akwatin, bugun ya ci gaba da fita bayan hannunta ya tashi. Ta aza tafi a kai, ta aza muryarta, kafin a ankara ɗakin ya cika da kiɗa kamar na mutum biyar. Waƙar da ta yi a daren, "Black Horse and the Cherry Tree", ita ta fito da sunanta duniya.

Mai kallo idonsa na kan hannunta da bakinta. Wanda ya san sana'ar kuwa ƙasa yake duba, domin a can ake yanke hukunci.

Wannan akwati shi ake kira lufa, na'urar maimaita sauti. Ka taka sau ɗaya ta fara ɗauka. Ka sake takawa ta daina, nan take ta koma farko ta mayar maka da abin da ka yi, ta yi ta zagayawa da shi har sai ka tsayar da ita. Ka ƙara takawa ta sake buɗe kunne, ta ɗora sabon sauti bisa na farko. Hannuwa biyu suna kan kayan kiɗa, baki yana gaban makirufo, saboda haka babu wanda ya rage ya ba da umarni sai ƙafa. Tsakanin ƙafar da na'urar kuma akwai ɗan abin da bai kai kwalin ashana ba, wato maɓallin da ake takawa. Zaɓen wannan ɗan abu, da sanin halinsa, da horar da ƙafa a kansa, gwaninta ce mai zaman kanta, kuma ina ganin ba a ba ta girman da ya kamace ta.

Da can ba ƙafa ce ke auna tsawon zagaye ba. A 1963 a birnin Faris, mawaƙin Amurka Terry Riley ya yi aiki da rikoda biyu da aka jera, zaren tef ɗaya na fita daga ta farko yana shiga ta biyu. Ta farko ta ɗauka, ta biyu ta karanta ta mayar wa ta farko. Robert Fripp da Brian Eno sun bi wannan hanya da rikoda biyu ƙirar Revox a faifansu "No Pussyfooting" na 1973. A irin wannan shiri tazarar da ke tsakanin rikodojin ita ce tsawon zagayen. In kana son ya ƙara tsawo, sai ka ja ɗaya ta matsa nesa, kai kuma ka daidaita kiɗanka da abin da injin ya ba ka. A farkon shekarun 1990 lamarin ya juye. LoopDelay na Matthias Grob, ɗan Suwizalan, da JamMan na kamfanin Lexicon, da Echoplex Digital Pro da ta fito a 1994, duk sun miƙa wa mawaƙi wuƙa da nama: inda ka taka nan zagaye ya fara, inda ka sake takawa nan ya ƙare. Da kamfanin Boss na Japan ya fitar da RC-20 a 2001, abin ya shiga hannun masu kiɗan bakin titi da na ɗakin kwana. 'Yanci ne babba, amma ya zo da nauyi, kuma nauyin duk ya faɗa kan tafin ƙafa.

A duba lissafin. Kiɗa mai gudun bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, bugu huɗu sakan biyu ke nan. A ce mawaƙi ya makara wajen rufe zagayen da milisakan 20, wato kashi 20 cikin dubu na sakan ɗaya. Kunne da ƙyar zai lura a karon farko. To amma zagayen ya zama sakan 2.02, kuma haka zai zauna. In akwai mai ganga ko wata na'ura da ke tafiya kan gudun asali, bayan zagaye 25 an samu saɓanin bugu guda cur, cikin ƙasa da minti ɗaya. Ko da babu kowa, wannan ɗan ɗingishi zai riƙa dawowa duk bayan sakan biyu har ƙarshen waƙa. 'Yan amshi masu rai suna sauraron mawaƙinsu, in ya ja su ja, in ya yi tuntuɓe su rufa masa asiri. Lufa 'yar amshi ce da ba ta san rufin asiri ba, abin da ka ba ta shi za ta yi ta faɗa a bainar jama'a.

Shi ya sa abu na farko da gwani ke yi shi ne raba maɓallai gida biyu. Akwai mai maƙalewa, wanda in ka taka ya ce ƙas ya zauna a kunne, sai ka sake takawa ya saki. Irinsa ne a kan mafi yawan ƙananan fedojin canza sautin jita, musamman mai ƙafafu tara a ƙasa da ake kira 3PDT. Yana da ƙarfi, yana da araha, amma yana buƙatar danni mai nauyi kafin sifirin ɗin cikinsa ya harba, kuma ƙararsa ana jin ta daga ƙarshen ɗaki. Akwai kuma mai saki, wanda ke haɗa wuta muddin ƙafa na kansa, da an ɗaga ya koma yadda yake. Lufa mai saki take so, domin ba kunna fitila ake yi ba, nuna mata wani ɗigo ake yi a cikin lokaci. Kamfanin Boss na sayar da iri biyun cikin akwati kusan iri ɗaya, FS-5L mai maƙalewa da FS-5U mai saki, kuma wanda ya ɗauko na farko ya jona wa lufa zai ga sai ya taka sau biyu kafin ta amsa sau ɗaya.

Wannan matakin farko ne kawai, kowa na iya koyonsa a yini guda. Inda gwaninta take shi ne maganar ƙara.

Mai jitar lantarki bai cika damuwa da ƙarar maɓalli ba. Abin da ke ɗaukar sautin jitarsa maganaɗisu ne, motsin tsirkiyar ƙarfe kawai yake ji, ƙas ɗin da ke ƙasa ba ruwansa da shi. Amma mawaƙi mai rera waƙa, da mai busa sarewa, da mai jitar katako, da mai goge, duk makirufo a buɗe suke amfani da shi, makirufo kuwa ba ya zaɓe. Abin da ya ƙara tsananta matsalar shi ne lokacin da ƙarar ke faruwa. Ba a tsakiyar kiɗa take zuwa ba inda wani sauti zai binne ta. Tana zuwa ne daidai mahaɗar zagaye, a daidai ƙiftawar da aka fara ɗauka da wadda aka rufe. Duk sabon sautin da za a ɗora kuma sai an taka a shiga, an taka a fita. Waƙa mai hawa takwas tana iya tara ƙas-ƙas goma sha shida, da yawansu a wuri ɗaya, suna ta zagayowa tare. Ka tuna da mai kiɗa irin Zoë Keating, wadda ke ɗora sautin babban gogen nan na Turawa, celo, hawa bisa hawa ta hanyar kwamfuta da allon maɓallai a ƙarƙashin ƙafarta, a zauren da jama'a suka yi tsit. A irin wannan wuri maɓalli mai surutu ya zama makaɗi na biyu da ba a gayyata ba.

Kuma ƙarar ba hanya ɗaya take bi ba, nan ne ake gane wanda kunnensa ya goge. Wata ta iska take zuwa, ita ce ƙas ɗin sifirin ko karon ƙarfe da ƙarfe lokacin da maɓalli ya kai ƙasa. Wata ta ƙasa take bi: ƙafa ta sauka da nauyi kan dandamalin katako mai rami a ciki, girgizar ta hau sandar makirufo ta shiga a matsayin dum mai zurfi. Wannan ba laifin maɓalli ba ne shi kaɗai, kuma sau da yawa ɗan kafet ko shimfiɗar roba a ƙarƙashin feda da ƙafafun sandar sun isa su kashe ta. Ta ukun ba a jin ta a ɗaki sam sai a lasifika, wani fat ne da ke tashi a cikin waya idan sautin kansa yana ratsa maɓallin kuma akwai ragowar caji a hanya. Masu haɗa feda suna maganinta da resista babba, galibi mai megohm ɗaya, wadda ke zubar da cajin a hankali. Hanya mafi tsabta ita ce kada sauti ya bi ta maɓallin ko kaɗan: ƙafa ta taɓa ɗan makunni mai laushi, shi kuma ya aika saƙo ga ƙwaƙwalwar na'ura ta yi sauran aikin. Ƙananan fedojin Boss tun 1977 haka suke, faffaɗan murfi mai roba a sama, ɗan makunni a ɓoye a ƙasa. Wanda bai iya rarrabe waɗannan ƙararraki ba zai sayi sabon maɓalli mai tsada ya dawo ya tarar da dum ɗinsa na nan, domin dandamali ne ke magana.

Sai maganar saurin amsawa, wadda ta fi wuyar gani. Kowane maɓalli yana da tafiya, wato nisan da ke tsakanin inda ƙafa ta taɓa shi da inda ƙarafan ciki suka haɗu. A wani haɗuwar tana can ƙasa, a wani tana tsakiyar hanya, a wani kuma da an shafa shi ya kama. Babu wanda ya fi wani a kan kansa, abin da ake nema shi ne ya kasance wuri ɗaya kullum, ko an taka shi ta tsakiya ko ta gefe, ko da sanyi ko da zafi. Ƙafa tana iya koyon kowace irin tazara in dai tazarar ba ta canzawa.

Ko bayan ƙarafan sun haɗu ba a gama ba. Ƙarfe biyu da suka yi karo ba sa manne wa juna nan take, sai sun ɗan yi tsalle-tsalle, su haɗu su rabu sau da dama cikin ƙanƙanin lokaci. Wani injiniya Ba'amurke, Jack Ganssle, ya taɓa gwada makunnai 18 iri-iri, ya ga mafi yawansu tsallen nasu a matsakaici na ɗaukar wajen milisakan ɗaya da rabi, wasu har shida. Ƙwaƙwalwar na'ura tana da saurin da za ta ƙirga kowane tsalle a matsayin taku dabam, sai ta fara ɗauka ta rufe ta sake buɗewa duk a taku ɗaya. Dole a koya mata ta yi watsi da tsallen, kuma hanya biyu ce. Ko dai ta jira har komai ya lafa sannan ta amsa, ko ta amsa da taɓawar farko sannan ta toshe kunne na ɗan lokaci. Ga na'urar wanki duk ɗaya ne. Ga lufa kuwa hanya ta biyu ce ta kirki, domin ta farko tana cin lokacin mawaƙi a kowane taku. Mutane sukan ɗora laifin jinkiri kan MIDI, harshen da kayan kiɗa ke magana da juna da shi tun 1983, alhali saƙo ɗaya nasa kusan milisakan ɗaya yake ɗauka a waya, lokacin da sauti ke ratsa santimita 34 a iska. Ɓarawon yana wani wuri.

Sau da yawa ma yana cikin ɗora wa maɓalli ɗaya ayyuka da yawa. Ditto, ƙaramar lufar da kamfanin TC Electronic na Denmak ya fitar a 2013, maɓalli ɗaya tak gare ta da abin murɗawa ɗaya, kuma sauƙin nan ne ya sa ta bazu ko'ina. Taku ɗaya ɗauka, riƙewa goge abin da aka ɗora na ƙarshe, taku biyu a jere tsayawa. Dabara ce mai kyau, sai dai a kan dandamali tsayar da kiɗa cak a kan bugu da taku biyu ba wasa ba ne, dole ƙafa ta fara tafiya tun kafin lokacin ya zo. Shi ya sa Ditto X2 ta zo da maɓalli na biyu, shi ya sa kuma masu ƙananan lufofin Boss ke jona FS-5U a gefe don tsayawa kawai. A allunan maɓallai da mutum ke tsara wa aiki da kansa matsalar ta fi ɓuya. In ka ce wa maɓalli gajeren taku abu kaza ne, dogon taku abu kaza ne, to na'ura ba ta da yadda za ta san wanne kake nufi sai ka ɗaga ƙafa, don haka umarnin yakan fita a ɗagawa maimakon a saukarwa. Gwani ya san wannan, kuma ba ya yarda maɓallin ɗauka ya yi wani aiki da zai sa shi jira.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni a cikin sana'ar. Shiru da tabbas abokan gaba ne. Ƙas ɗin da makirufo ke ƙi, shi ne kuma ke gaya wa ƙafa cewa aiki ya yi. Akwai allon SoftStep na Keith McMillen, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, roba ce mai jin nauyin danni. Shirunsa ba a magana. Amma ƙafar da ta saba jin abu ya nutse a ƙarƙashinta takan rasa amsa, sai ido ya sauka neman fitila, idon da ya kamata ya kasance kan jama'a ko kan yatsu. A ɗaya gefen ga maɓallin ƙarfe mai taurin kai da ke ba ka tabbas har cikin ƙashi, ya kuma ba duk zauren labari. Gwani yana neman tsakiya ne, maɓallin da tafin ƙafa zai ji amma kunne ba zai ji ba. Wasu suna samunsa a faffaɗar feda mai maƙale a baya wadda ke sauka kan roba. Wasu a irin maɓallin kamfanin Lehle na Jamus, mai kan naman kaza, wanda ke karɓar nauyin ƙafa a jikin akwati ya isar da ɗan kaɗan kawai ga makunnin ciki. Wasu kuma fedar fiyano ta riƙe sauti suke ara, domin ita tun asali an yi ta ne don a taka ta sau ɗaruruwa a tsakiyar kiɗa mai sanyi.

Takalmi ma yana cikin lissafi. Andrew Bird, mai gogen Turawa da fito, wanda ya daɗe yana aiki da koriyar lufa ƙirar Line 6 DL4 mai riƙe sakan 14, sananne ne da tuɓe takalmi ya tsaya da safa a kan dandamali. Ƙafa marar takalmi tana jin komai kuma ba ta ƙwanƙwasa ƙarfe, amma ƙaramin maɓalli mai tsini zai gallabe ta kafin awa biyu. Mai babban takalmi kuma tazara yake buƙata tsakanin maɓallai, kada ya nufi ɗorawa ya haɗa da gogewa. Ed Sheeran, wanda ya yi darare uku shi kaɗai da jita da lufa a filin Wembley mai cin mutum 90,000 a watan Yulin 2015, an ƙera masa allo nasa na kansa mai manyan fedoji, domin mai zagaye dandamali a guje ba shi da lokacin saiti. A bikin Glastonbury na 2017 har wasu masu kallo suka zarge shi da sako kiɗan da aka riga aka ɗauka, sai da ya fito ya bayyana cewa komai a nan take yake haɗa shi. A wurina babu yabon da ya kai wannan zargi, domin yana nufin ƙafar ta yi aikinta har ba a ga sawunta ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin gwani ba ya kama da na mai sayen kaya don ado. Yakan kafa makirufo a inda zai tsaya ranar wasa, ya buɗe shi daidai ƙarfin da zai yi aiki da shi, sannan ya ɗauki zagaye na shiru zalla, ya yi ta shiga da fita yana ɗora shiru a kan shiru. Bayan hawa goma ya sa abin sauraro a kunne. Duk abin da ya ji, maɓalli ne ko ƙasa. Yakan jona mitar gwajin lantarki a ƙafafun maɓallin ya danna da hannu sannu-sannu, don ya ga a ina cikin tafiyar mitar ke yin kuka, ya maimaita daga gefen dama da na hagu. Yakan kunna agogon bugu ya rufe zagaye a kansa sau da yawa, ya saurari ko suna rabuwa da wuri. Duk wannan da takalmin da zai hau dandamali da shi.

Sauran kuma horo ne. Ana rufe zagaye a kan bugun farko na zagaye mai zuwa ne, ba a ƙarshen na huɗu ba, kuma hannu ba ya tsayawa don ƙafa ta taka, yana wucewa ne kamar babu abin da ya faru. Ƙwararru da yawa suna barin ƙafar tana kaɗa bugu a iska tun kafin lokacin, yadda takun zai zo a matsayin ɗaya daga cikin kaɗawar ba wani abu na daban ba. Diddige na ƙasa, gaban ƙafa na shafar maɓalli, ba a ɗago ƙafa daga sama a rafka. Wasu suna sa na'urar ta wuce kai tsaye daga ɗauka zuwa ɗorawa, don jelar sautin ƙarshe ta malala kan farkon zagayen ta rufe mahaɗar.

Akwai ƙaramin tarko da duk mai fiyano a situdiyo ya sani. Wasu maɓallai a buɗe suke sai an taka su rufe, wasu a rufe suke sai an taka su buɗe. Fedojin Roland da Yamaha galibi na biyun ne, na Korg da Casio na farkon. Ka haɗa wanda bai dace ba, fiyano ta riƙe sauti lokacin da ka saki ta saki lokacin da ka taka. A lufa kuskuren ya fi ɓoyuwa, domin komai zai yi kamar yana aiki, sai dai umarni yana fita ne lokacin da ƙafa ta tashi, mawaƙi ya yi ta zargin kansa da rashin iya lokaci. FS-5U tana da ɗan makunni na juya wannan hali, kuma shi ne abu na farko da mai sani ke dubawa.

Daga ƙarshe akwai tsufa da datti. Allon ƙafa na Echoplex maɓallai bakwai gare shi, amma waya ɗaya ce ke tafiya zuwa na'urar. Kowane maɓalli an ba shi resistarsa mai awo dabam, na'urar kuma tana gane wanda aka taka ne ta hanyar auna abin da ya iso. Dabara ce mai ban sha'awa, har mutane da yawa suka riƙa ƙera nasu allon da maɓallan da suka fi so. Amma in ƙura ko tsatsa ta shiga tsakanin ƙarafan, awon ya canza, sai ka taka wannan na'ura ta ji wancan. Mai kiɗa a Kano ko Damagaram da ke fita da kayansa cikin ƙurar hunturu ya fi na Landan buƙatar kula da wannan. Maɓalli rufaffe wanda ƙura ba ta samun ƙofa ya fi masa, da jaka mai zif, da ruwan fesawa na wanke makunni. Ya kuma fifita akwatin da ake kwance shi da sukudireba, mai maɓallin da ke ɗaure a jikin ƙarfe da wayoyi biyu, wanda duk mai gyaran rediyo a kasuwa zai iya cirewa ya liƙa wani da dalma, a kan wanda aka manne maɓallinsa a allon ciki yadda in ya mutu sai an nemo irinsa daga waje.